Yadda Za Ka Gane Shafin Bogi a Manhajojin Maza Masu Neman Maza

An sha tambayata yadda ake tantance mutum a manhajoji irin su Grindr kafin a amince da shi. Ga matakan bi da bi.

1. Ka shiga saitin manhajar ka ɓoye nisan da ke tsakaninka da sauran mutane.

2. Ka saka hoton mutumin a Google Lens (manhajar binciken hoto) domin ka ga ko na wani ne aka sato.

3. Ka nemi ya kira ka ta bidiyo. Mai shafin bogi yakan ce kyamararsa a lalace take.

Gargaɗi: A nan aka fi yin kuskure. Kada ka tura hoton tsiraici wanda fuskarka ko ɗakinka ya fito a ciki, domin da shi 'yan damfara ke barazanar tona asiri, kuma biyan su sau ɗaya ba ya rufe musu baki.

4. Ka zaɓi wurin haɗuwa da kanka, cikin jama'a kuma da rana.

5. Ka sanar da amininka inda za ka da lokacin da za ka dawo.

6. Idan ya sauya wurin a ƙurarren lokaci, ko ya nemi kuɗi, ka toshe shi nan take.