Yadda nake karanta hasashen guguwar teku kafin in je wurin Hajiya

Ƙanena yana aiki a Houston. Saboda haka daga Agusta zuwa Oktoba aikina biyu ne a Birnin Kebbi: koyar da labarin ƙasa, da kwantar wa Hajiya hankali duk sanda rediyo ya ambaci guguwa a Amurka.

Ka fara da sanin cewa kwamfutar hasashen yanayi ba ta ganin hadari ɗaya-ɗaya. Yanka sararin sama take yi gida-gida kamar na dara. Gidan manhajar hasashe ta Turai kusan kilomita 9 ne, na GFS ta Amurka kusan 13. Curin hadari irin wanda ke taso mana ta gabas sau da yawa bai cika gida guda ba, sai a ƙiyasta shi da lissafi: zafi nawa zai saki, ina tsayinsa zai kai. Nan gizo ke saƙa. Guguwar da hadarinta ya yi tsayi, iskar can sama na da hannu wajen jan akalarta. Mai gajeren hadari kuwa iskar ƙasa-ƙasa take bi. In ƙiyasin ya karkace, hanya ta karkace. A 2012 manhajar Turai ta nuna guguwar Sandy za ta juyo gaɓar Amurka tun saura kusan mako, alhali GFS na kora ta cikin teku.

Don haka kada ka riƙe layi ɗaya na hanyar guguwa. Nemi taswirar da ta jera layukan manhajoji da yawa. In sun dunƙule, ka ɗan amince. In sun watse kamar tsintsiyar da ta kwance, dakata.

Sai hoton mazurarin da cibiyar guguwa ta Miami ke zanawa a kan taswira. Inda tsakiyar guguwa za ta iya bi yake nunawa, ba faɗinta ba, kuma kusan sau ɗaya cikin uku takan fita daga cikinsa.

Hasashen ƙarfi ne na fi yi wa kallon hadarin kaji, don cikin waɗannan curin hadarin ake dafa shi. A Oktoban 2023 guguwar Otis ta haye mataki na 5, wanda shi ne ƙololuwar ƙarfi, cikin kusan kwana guda, ta afka wa birnin Acapulco na Mexico, manhajoji ba su hango ba.

Hajiya ba ta yarda har yau cewa da yawan waɗannan guguwa daga hadarin daminarmu suke farawa, su ratsa yamma su faɗa Atlantika ta wajen Senegal. Ƙanena kuwa in aka ce mataki na 2, nakan ce ya yi shirin na 3, ya cika tankin mota.