Yadda ake tsallake gadar katako mai santsi a kan keke, da yadda ake kula da ita

Busasshen katako yana riƙe taya da kyau. Abin da ke kayar da mai keke shi ne gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da ke manne wa katakon a inda inuwa ta yi yawa, danshi kuma ba ya barin wurin. Idan ya bushe ba a ganin komai, amma da zarar yayyafi ko raɓar asuba ta taɓa shi sai ya koma kamar an shafa sabulu. A wuraren sanyi kuma gada kan riga hanya yin ƙanƙara, domin iska na ratsa ta sama da ƙasa.

Ga mai keke

Ka gama duk abin da za ka yi kafin tayar gaba ta hau katako. Rage gudu tun kana kan ƙasa, ka sauya giya idan da buƙata, sannan ka saki birki. Ka shiga gadar a miƙe, keken yana tsaye sak. Yawancin faɗuwa a bakin gada take faruwa, musamman idan hanya ta yi kwana daidai wurin: mutum ya shigo a karkace, tayar gaba ta zame gefe, kuma ita idan ta zame ba ta ba ka damar gyarawa. Idan kwanar ta matse, ka buɗe ta tun daga baya domin ka samu shiga kai tsaye.

A kan gadar ka zauna a sirdi, ka sassauta hannu, idonka na kan ƙarshenta. Kada ka miƙe tsaye kana danna feda da ƙarfi, tayar baya za ta juya a banza ta kauce. Idan dole sai ka tsaya, ka ja birkin baya a hankali, na gaba kuwa taɓawa kawai. Rage iskar taya kaɗan yana ƙara riƙo, amma kada ta yi ƙasa da abin da aka rubuta a gefen tayar.

Ka lura da yadda aka jera katakan. Idan a kwance suke, suna gicciye hanya, da sauƙi. Idan kuwa sun bi tsawon gadar, siririyar taya kan faɗa tsakaninsu ta maƙale, don haka ka bi tsakiyar katako ɗaya.

Hanyar ta kowa ce. In akwai masu tafiya a ƙasa, ko yara, ko mai kare a kan gadar, ka buga ƙararrawa tun daga nesa, ka jira su fita. Kauce wa mutum a kan jiƙaƙƙen katako yana haɗa juya kan keke da jan birki a lokaci guda, wato abubuwa biyun da ke kayarwa. Idan katakon ya yi kore ko yana ƙyalli, sauka ka tura.

Ga masu kula da gada

A fara da shara da hasken rana, su ne mafi arha kuma sun fi komai tasiri. A sare rassan da suka rufe gadar domin rana da iska su shiga. A share ganye, sannan a bi tsakanin katakai da siririn ƙarfe a ƙwaƙule dattin da ya toshe. Tazarar milimita 5 zuwa 8 ta isa ruwa ya zube. Katako mai tsagi-tsagi a sama, wanda ake sayarwa da sunan yana hana santsi, sai an fi sa masa ido, domin tsagin yana tara laka.

Daga nan a wanke da ruwa zalla da buroshi mai tauri, ana bin tsawon katakon. Injin feshin ruwa yana sauri, amma idan aka matso da bakinsa sosai yakan tsattsage fuskar katakon, ta riƙa shan ruwa fiye da da. Kada a zuba bilic ko maganin ciyawa a gadar da ruwa ke gudana ƙarƙashinta, yana kashe kifi da sauran halittun ruwa.

Bayan ya bushe a gwada lafiyar katakon da sukudireba. A danna a bakin kowane katako, da kewayen ƙusoshi, da inda ya kwanta a kan gimshiƙi. Inda ƙarfen ya nutse ba wuya, ruɓa ta shiga, sai a sauya katakon gaba ɗaya. Ƙusar da ta ɗago kai a zare ta, a sa sukuru marar tsatsa, domin maganin da ake jiƙa katako da shi yakan ƙunshi jan ƙarfe, kuma yana cin baƙin ƙarfe da wuri.

Sai bayan wannan ake maganar ƙara abin riƙo. Mutane da yawa kan shimfiɗa ragar waya su danne ta da ƙusa, kuma tana aiki da farko. Matsalarta ita ce tana tsatsa, ta tsinke, bakinta ya miƙe yana huda taya da ƙafar dabba, ga shi tana riƙe ganye har shara ta gagara. Wanda ya sa ta, ya ɗauki nauyin duba ta a kai a kai. Abin da ya fi ta ɗorewa shi ne falle mai tauri na zaren gilas wanda aka manne wa tsakuwa ƙanana a sama, ana ɗaure shi da sukuru a kan kowane katako. A jera fallayen ta yadda taya ba za ta sami tsirarar hanya tsakaninsu ba. Fenti mai sheƙi kuwa ƙara santsi yake yi. Idan za a shafa wani abu, a samo wanda aka gauraya da yashi, a shafa a busasshen katako, a kuma san cewa yana gogewa a inda taya ta fi bi.

A duba bakin gadar ta ɓangarorin biyu. Ƙasa kan zaizaye a wurin ta bar katako a ɗage, sai a cike da tsakuwa a daddaɓe har su daidaita. Abin dafawa na gefe kuma, mai keke ya fi mai tafiya tsayi, shi ya sa ake kai shi wajen mita 1.4 a gadar da kekuna ke bi. Alamar gargaɗi a kafa ta can baya kafin a iso kwana, inda mai keke ke da sauran filin rage gudu.