Yadda na gyara wahalar tashin Marsandi W124

Alhamdu lillahi, 300E ɗina ƙirar 1991 ta daina wahalar tashi. Juma'a da Asabar kawai nake fitar da ita a nan Jidda. Da safe sai an yi ta murza makulli, in ta tashi silo ya riƙa rawa, fitilar ABS (na'urar hana birki kulle taya) kuma a kunne.

Batir lafiya lau, volt 12.6. Na sa sababbin fulogogi shida da matatar mai, ba abin da ya canja.

Fitilar ABS ɗin ce ta nuna hanya, domin rilen OVP (mai kare kayan lantarki daga wutar da ta yi yawa) guda ne ke ba ABS da kwamfutar KE-Jetronic, mai sarrafa man injin, wuta. Yana bayan batir, a bayan murfin roba, da fis mai amfiya 10 a kansa. Na cire wayar negatif tukuna, sannan na zare rilen. Fis bai ƙone ba, shi ya sa mutane ke tsallake rilen. Da na buɗe gwangwanin, dalmar ƙafafunsa a ciki ta tsage, aikin zafi da shekaru. Na goge tsohuwar, na narka sabuwa a kowace ƙafa, na wanke soket da feshin wanke wayoyi, na mayar.

Murza ɗaya ta tashi, fitilar ta mutu, silo ya zauna wajen 700. Na gode wa Malam mai wayarin da ya ara mini ƙarfen dalma.