Kurakuran da Baƙi ke Yi Wajen Karanta Alamomin Yanayi na Mutanen Ayalan

Na gaji da ganin sababbin zuwa yammacin ƙasar Ayalan (Ireland) suna haddace alamomin yanayi na tsofaffin ƙasar, sannan su jiƙe sharkaf saboda sun karanta su a baibai.

Kuskure mafi girma shi ne duban gabas. Mu mun taso muna sanin cewa hadari daga gabas yake tasowa, amma a Ayalan iska da ruwan sama galibi daga yamma da kudu maso yamma suke zuwa, daga Tekun Atlantika. Shi ya sa mutanen ƙasar ke cewa jan sama da almuru albishir ne, domin yamma ta washe, jan sama da asuba kuwa gargaɗi ne, domin rana tana haska gajimaren da ke tafe daga yamma. Ni kaina na taɓa ganin gabas ta yi ja da sassafe a gundumar Mayo, na ɗauka alheri ne, na kama hawan dutsen Croagh Patrick mai tsayin mita 764 ba tare da rigar ruwa ba. Kafin azahar hazo ya rufe hanya, ruwa ya kece, na sauko da rarrafe a kan duwatsu masu santsi, na yi mako guda ina fama da mura. Tun daga ranar, duk wanda zai bi ni tafiya sai ya juya wa gabas baya kafin ya buɗe baki.

Na biyu shi ne murnar ganin tsaunuka masu nisa sun fito tangaran kamar za a taɓa su. A wurin tsofaffin yankin Connemara da ke yammacin ƙasar, wannan alamar ruwa ce, haka kuma zoben da kan kewaye wata da dare.

Kada a dogara da alama guda. Al'adata ita ce sai na haɗa uku, misali tsuntsayen teku sun shigo gonaki, tsattsewa na shawagi ƙasa-ƙasa, hayaƙin murhu kuma ya ƙi tashi sama, sannan in kwatanta da hasashen Met Éireann, hukumar kula da yanayi ta ƙasar.

Batun cewa ruwan ranar 15 ga Yuli yana jawo ruwan kwana 40 kuwa, a bar shi a hira, domin ban taɓa ɗaga tafiya saboda shi ba.