"Wayata ta daina magana": kurakuran da muke yi lokacin sabunta waya

Duk shekara, da zarar sabon Android ko iOS ya sauka, sai kira ya fara shigo mini daga lambobin da ban sani ba. Ina ɗauka sai in ji muryar ɗan'uwa makaho da wayar aro: "Malam, wayata ta daina magana." Na gaji da maimaita bayani ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta shi.

Bari in fara da wanda ya ci ni. Wani dare, bayan kowa ya kwanta, saƙon sabuntawa ya shigo, na ce bari in danna in yi barci, kafin asuba ta gama. Ta kuwa gama. Wayar ta mutu ta taso, ta tsaya tana jiran lambar sirri, don bayan irin wannan tashin ba ta karɓar zanen yatsa sai an fara sa lamba. A lokacin ina amfani da wata murya da na sauke daga waje, don ta fi min daɗin ji. Abin da ban sani ba shi ne, tun daga Android 7, kayan cikin waya a kulle suke har sai an buɗe ta karon farko, kuma manhajar da ba a gina ta don wannan yanayin ba ba ta tashi. Ga TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, a kunne, ga shi ba bakin da zai yi magana da shi. Na yi ta laluben lambobi a kan gilashi, ina dannawa da ka, ta ce in jira, na sake, ta ƙara tsawon jiran. Gari na wayewa na kai wa wani mai gyara. Bai tambaye ni komai ba, ya yi mata filashin. Karatun da na shafe shekara biyu ina ɗauka a wajen malaminmu, da lambobin mutane, duk suka bi ruwa. Ban gama jimami ba wayar ta nemi kalmar sirrin Gmail, wadda yaron da ya buɗe min asusun ne ya zaɓa, shi ma ya manta.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Kafin in sabunta, sai in mayar da muryar kan wadda ta zo da wayar. In kashe wayar in kunna, in sa lambar sirri da kaina, har sau uku. Da rana nake yi, da mai gani a kusa, caji ya haura 80. Wasu na cewa na cika tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kalmar sirrin Gmail ko ta Apple kuwa, in ba ta cikin kanka, kada ka taɓa komai.

Na biyu shi ne gaggawa. Me kake sauri? Abdet ba rabon zakka ba ne da za a ce ya ƙare. A iPhone, Apple na rufe ƙofar komawa tsohon tsari ba da daɗewa ba bayan fitar sabo, a Android kuma komawa baya na nufin goge komai. Mai gani in manhajar banki ta canza fuska zai lalubo hanya da ido. Kai kuwa in mai karanta allo ya koma cewa "button, button" ba suna, tura kuɗi ya gagare ka sai ka ba wani lambarka ta sirri. Ni sati biyu nake jira, in ji abin da waɗanda suka riga ni suka tarar, kuma na kashe sabuntawa mai yin kanta.

Sai ku 'yan'uwa masu gani, ku ma da naku. Ka ari wayar makaho, ka taɓa ta yi magana, ka ce ta lalace, ka shiga setin ka kashe TalkBack, ka miƙo masa ka tafi abinka. Haba! Ka san me ka yi? Ka ƙwace masa sanda a tsakiyar titi. Abin ba wuya: taɓawa ɗaya zaɓi ce, biyu a jere buɗewa, ja da yatsu biyu. In kuma dole sai ka kashe, ka mayar. Mu ma da laifinmu, don da yawanmu ba mu saita gajeriyar hanyar kunna mai karanta allo ba: a Android, danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa 3, a iPhone, danna maɓallin gefe sau uku. Amma sai an kunna ta a setin tukuna, kuma ina sake gwada ta bayan kowace sabuntawa.

Wani lokaci wayar lafiyarta ƙalau, hannun ne bai koyi sabon salo ba. Android 10 ya kawo jan allo a madadin maɓallai uku na ƙasa a 2019, TalkBack kuma ya kawo motsin yatsu da yawa a 2021. Akwai darasin gwaji a cikin setin TalkBack, minti goma ya ishe ka. In ba ka son jan allon, maɓallai ukun na nan, ka mayar da su.

Masu amfani da mai karanta allo da aka turo musu ta WhatsApp, irin su Jieshuo: daga Android 13 waya na hana irin wannan manhaja izini. Ka shiga bayanin manhajar, ka taɓa ɗigo uku na sama, ka zaɓi "Allow restricted settings". Amma ka tabbatar da inda ta fito, don ɓarayin asusun banki ma ta wannan ƙofar suke shiga.

TalkBack ta Play Store yake samun nasa gyaran, a cikin Android Accessibility Suite, sai ka leƙa can daban. Masu raunin gani su duba girman rubutu. Kurame su gwada girgiza da walƙiyar fitilar kira, masu na'urar ji kuma su cire ta daga Bluetooth su sake haɗawa kafin su ce ta lalace.

In kuma duk da haka ta yi shiru har ka kai ta wajen mai gyara, kafin ka sake ta daga hannunka ka faɗa masa da babbar murya, a gaban shaida: ban yarda a yi filashin ba.