Matakan Samo Dabarar Zana Ɗan Wasa da Ɗigon Fiksel

Fiksel ƙananan ɗigo ne da ke haɗuwa su zama hoto a allo. Da farko, ka tantance aikin da ɗan wasan, wato wanda za ka zana a cikin wasan bidiyo, zai yi, domin mai gudu da mai sara ba sa ɗaukar siffa ɗaya.

Na biyu, ka nazarci tsofaffin wasanni. Lokacin da Shigeru Miyamoto, mai tsara wasannin bidiyo ɗan Japan, ya zana Mario a wasan Donkey Kong na 1981, ƙarancin ɗigo ne ya sa ya yi masa gashin baki maimakon leɓe, ya kuma ɗora masa hula don kauce wa zana suma, kuma a ganina dabarar ta cancanci koyi.

Na uku, ka tara hotunan dabbobi da tufafi, ka zaɓi alama guda mai jan ido.

Daga nan ka zana inuwar ɗan wasan da baƙi zalla a filin ɗigo 16 tsawo, 16 faɗi. Idan ba a gane shi ba, ka sake kafin ka sa launi.