Tanadin gida: yadda nake yi tun daga kaka

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ne ya koya min hankali. Kuɗi na nan a asusu, amma mai awo ta ce ita ba ta san tiransifa ba. Ranar da garin kwaki muka kwana, ni da yara huɗu. Tun daga nan kaka ba ta wuce ni ban yi tanadi ba.

Ki fara da abin da gidanki ke ci, ba abin da maƙwabciya ta saya ba. Ki ƙirga kwano nawa na masara, gero, shinkafa da wake kuke ci a mako, ki ninka sau huɗu. Tanadin wata guda ke nan. Daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa, shi ne lokacin saye.

Wake ne mai ba da wahala, don ƙwaro ba ya ɗaga masa ƙafa. Na taɓa asarar rabin buhu, na buɗe na tarar duk ya zama gari. Yanzu sai na shanya shi a rana kwana biyu ko uku, na ciji ƙwaya ɗaya. In ta yi ƙas, ya bushe. Sai na bari ya huce, na ɗura a wankakkiyar jarkar man gyaɗa da ta bushe sarai, na cika ta har wuya, na sa leda a baki na murɗa murfi tam. Iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu da kansu. Kada ki riƙa buɗewa kina leƙawa. In da hali, buhun PICS mai leda biyu a ciki aikinsa ɗaya da jarka. Maganin ƙwari na feshi kuwa, don Allah kada ya kusanci abin da za a ci.

Buhunan hatsi a ɗora su kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Da wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa sama da mako guda a Oktoban 2024, masu firij sun ji jiki, injin niƙa ma ya yi tsada. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kaɗan daga busasshen tumatir da gari niƙaƙƙe su suka rufa min asiri. Ki ƙara da buhun gawayi, ashana a cikin kwalba, tocila mai caji da rana, da duro ɗaya na ruwa mai murfi wanda ake sabuntawa.

Tsabar kuɗi 'yan canji, ko na cefanen kwana uku ne, ina ajiye su a wani gwangwani. Maigida ma bai san inda yake ba.